Me Bunsurun Ya Yi?

Kakata ta wajen uwa Kirista ce. Asabe sunanta, mu dai Iya muke ce mata. Mahaifiyata ta musulunta kafin ta auri babanmu, amma hakan bai hana a riƙa tura mu ƙauyen Iya, can bayan Malumfashi, duk hutun damina ba. Ita ke tashinmu sallar asuba, har da mita idan muka yi nauyin jiki, ranar Lahadi kuma ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau ta tafi majami'a.

Da an idar da magariba sai mu kewaye murhu a ɗakin girki, ruwa na zuba a waje, tana juya masara a kan garwashi. Ni take miƙa wa wadda ta fi ƙonewa, wai ni ne maigidanta, kuma mijin da bai kawo cefane ba bai isa ya yi zaɓe ba. Yawancin tatsuniyoyinta sun ɓace mini. Labari ɗaya ne ya zauna, shi ma kafin ta fara sai da ta ja mana kunne cewa wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya yi mata dariya.

Ta ce a zamanin da, Bani Isra'ila suna da rana guda a shekara da ba a aiki, ba a cin abinci. Babban firist, wato shugaban masu miƙa musu hadaya, zai tuɓe kayansa na ado, ya yi wanka, ya sa farar riga marar kwalliya. Sai ya fara yanka bijimi saboda laifin kansa, don shi ma ɗan Adam ne. Sannan a kawo masa bunsuru biyu a jefa ƙuri'a. Ɗaya a yanka, firist ya ɗauki jinin da turaren wuta ya shiga bayan labule, inda ba mai shiga sai shi, shi ma sai a wannan rana. Jama'a na waje tsit suna jira, don fitowarsa lafiya ita ce alamar Allah ya karɓa, zai ci gaba da zama tare da su.

Na biyun ba a yanka shi. Firist zai ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya yi ta faɗin laifofin da mutanen suka yi a shekarar. In ya gama sai wani ya ja bunsurun zuwa jeji mai nisa, ya sake shi a can.

Na ce, "Iya, to shi bunsurun me ya yi?"

"Bai yi komai ba, maigidan. Ciyawarsa yake ci aka kamo shi."

"Ai kuwa an zalunce shi."

Ta hure tokar da ke jikin masarar, ta ce, "Shi ya sa ba a korarsa a ɓoye. Sai an faɗi abin da aka ɗora masa da ƙarfi, kowa na ji, kowa ya gane nasa a ciki. In aka yi shiru aka kore shi kawai, gobe sai a ce bunsurun ne mai laifi."

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da na zo Kuala Lumpur karatun digiri na uku. Ina zaune a wani dogon bene a unguwar Danau Kota, tare da 'yan gida da dama, korona ta sa aka kulle gari. Wata safiya na tashi da zazzaɓi, na kuma lura ba na jin ƙanshin komai. Na san abin da hakan ke nufi. Amma saura kwana uku in miƙa babin kundin bincikena da ya tsaya mini a wuya, kuma Malam Sani, maƙwabcina na hawa na sama, shi kaɗai ya iya irin lissafin da ke cikinsa. Na haɗiyi maganin zazzaɓi na hau. Awa biyu muna zaune kafaɗa da kafaɗa, matarsa Maman Hanif, da cikinta wata bakwai, ta kawo mini shayi.

Bayan mako guda aka kwashe ta zuwa asibiti numfashinta na sarƙewa. Ta rayu, amma ɗan bai zo da rai ba.

Ni ban je gwaji ba, na kwanta a ɗaki na warke ba wanda ya sani. Jamilu ne ya je. Abokin karatunmu ne, shi ke da babur, shi ke yi wa gidajenmu cefane tun da aka hana fita. Gwaji ya nuna yana da cutar, sai magana ta ƙare: yawon Jamilu ne ya kwaso mana. Aka cire shi daga zaurenmu na waya, aka daina amsa sallamarsa da kyau, abokin ɗakinsa ya ce ya nemi wani wuri. Ina gani ban ce uffan ba, kuma gaskiya har da sauƙi na ji a raina. Wannan sauƙin ne ya fi ba ni kunya har yau.

Na yi azumi, na yi istigfari. Da babbar sallah ta zo na sa ƙanena ya yanka mini rago a Kano a rabar. Duk da haka in na tayar da sallah sai in ji kamar ina magana ne a bayan ƙofar da aka rufe. A nan maganar Iya ta dawo mini. Addininta daban, nawa daban, amma a wannan gaɓar bakinsu ɗaya: hakkin mutum ba ya sauka don an zubar da jinin dabba. Na yi yankan, na tsallake faɗar.

Malam Sani na fara kira. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Allah ya riga ya ƙaddara. Amma kada ka hawo yanzu." Ya kashe wayar.

Jamilu kuwa na same shi a ƙasan bene yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Na tsaya nesa da shi na faɗa masa komai. Bai ko ɗago ba.

"Ai na sani," ya ce. "Ranar da na kawo maka tapau, abincin nan na ƙunshi, tun daga cikin lif mai hawa bene nake jin ƙaurin shinkafarka tana ƙonewa. Kai kana tsaye a bakin ƙofa kana ta yi mini hira, ko ƙaurin ba ka ji ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ni na faɗa, cewa za a yi kaina nake karewa." Ya ƙara jan igiyar. "Ka rubuta a group ɗinmu na waya. Ni an cire ni, ba zan gani ba, amma ka rubuta."

A nan tsaye na rubuta, da sunana da ranar da na hau wurin Malam Sani. Ina yaro na ɗauka Iya tausayin dabba take koya mini. Sai da na ga mutum talatin sun karanta saƙon ba wanda ya amsa, Jamilu kuma ya tayar da babur ɗinsa ya fita ƙofa da kayansa, na gane cewa wanda aka kora, ko an wanke shi daga baya, ya riga ya yi tafiyar.