Sista Kubura da Ɗan Taurin Farin Dutse

Idan ka ji an ce "a kira Kubura" a asibitin nan da ke Birnin Kudu, to magana ta gagari likita ke nan. Sista Kubura 'yar Sundimina ce, gajera, ga baki kamar reza. Shekara ashirin da biyu tana aikin nas a ɗakin tiyata, ƙarin girma kuwa kullum a makare yake zuwar mata, don ita sai ta gama abu take neman izini. Ubanta mahauci ne. Tun tana ƙarama ta san wuƙa, ta kuma san masu cika baki a kanta.

Wata Laraba da hantsi aka kawo Baba Barau daga Farin Dutse a bayan a-kori-kura. Ɗan tauri ne, shekara arba'in yana gurza wuƙa a cikinsa a bainar jama'a ba ta taɓa cin sa ba. Yau ga gwaiwa ta shaƙe masa hanji, sai amai yake, ciki ya yi tim. Abokan taurinsa takwas suka cika baranda.

Dakta Zulkifli, sabon zuwa daga Kano, ya ce in ba a buɗe cikin nan kafin azahar ba, hanjin zai ruɓe. Aka kawo takarda Baba ya dangwala, ya kau da kai.

"Wuƙa ba ta ci na, yaro. Kada ka ɓata kayan gwamnati."

Baranda ta ɗauka: "Sai Baba!"

Likita ya yi bayani, ya zana hanji a takarda, haushi ya sa ya koma Turanci. Ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Kubura dai tsohon take kallo, yana ta satar kallon baranda. Nan ta gane. In wuƙar likita ta shige shi a kan idon mutanensa, sunan shekara arba'in ya zube, shi kuwa ya gwammace kabari da wannan kunya. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma haka.

Ta shiga ciki ta ɗauko wani karyayyen almakashi da aka daɗe da jefarwa a kwali. Ta zo ta durƙusa gaban gadon, ta ɗaga murya yadda na baranda za su ji.

"Baba, dubi abin da wani ɗan tauri ya yi mana bara! Kuma bai kai rabinka ba. Don Allah ka kwance abinka da hannunka, ka ba wuƙarmu izini na awa biyu. In ba kai ka yarda ba, wa ya isa?"

Likita ya buɗe baki zai yi gyara, ta take masa ƙafa.

Baba Barau ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kwance guru, ya zare kambu, ya dangwala.

"Awa biyu. Ko minti kada a ƙara."

Ƙofar tiyata na rufuwa ya cafke mata wuyan hannu. Muryar nan ta kirari ta tafi.

"'Yar nan, da bayan wuƙar nake gurzawa. Wallahi tsoro nake ji."

"Na sani, Baba. Ubana mahauci ne. Rufe idonka, ina nan."

Awa uku aka yi, hanjin ya tsira da ƙyar. Da na baranda suka tambayi dalilin jinkiri, sai ta ce wuƙar ce ta yi ta gardama. Daga baya ta yi istigfari.

Yanzu Baba Barau yakan ɗaga riga a kasuwar Gwaram ya nuna tabon da ya ba da izini aka yi masa. Amma ranar da aka sallame shi, sai da ya jira kowa ya fita, ya yi ƙasa da murya.

"Kin gaya wa wani?"

Ta miƙa masa gurunsa a leda.

"Gaya me, Baba? Ni fa in na sa takunkumi, kunnena ma ba ya ji."