Ranar da Baba Ya Sa Na Fassara Masa Kalmar Soja

Abubuwa da yawa sun shuɗe mini a rayuwa, amma ko zan manta da komai ba zan manta da wata Alhamis a gidanmu na Balan ba, shekarar da aka gama yaƙin basasa. Lokacin ina ƙaramin malamin firamare a Gaya, ina ji da Turancina kamar ni na kawo shi ƙasar.

Yayana ya shiga soja tun farkon yaƙi, daga baya labarinsa ya ɗauke ɗif. Sojoji suka yi ta dawowa, shi shiru. Sai wani ya zo ya ce an ce ya faɗa ruwa wajen ƙetare kogi. Baffanmu, wanda ba ya son magana ta kwana, ya matsa wa Baba a yi sadaka ranar Juma'a, matar Yaya ta shiga takaba. Baba ya amince ba don ransa ya so ba. Na hau kekena na taho gida, na tarar mata sun jiƙa gero za a daka gumba, matar Yaya kuwa ta kwance kitsonta tana zaune ta yi tagumi.

Bayan la'asar sai ga sallama a zaure. Wani soja ne ɗan Ajingi, dogo, da ƙaton takalmi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce ya ji za a yi sadaka, shi ya sa ya yo sauri.

"Baba, ɗanka yana da rai. Gado ɗaya ne tsakaninmu a asibitin soja. Ƙafa ce ta tsare shi."

Baba ya ce, "Yaro, kada ka yi wasa da zuciyar tsoho. Ka tabbata?"

"Difinitili, Baba!"

Haka bakinsa ya saba a bariki. Baba ya sake tambaya, sojan ya sake maimaitawa, har yana buga ƙirji. Baffa ya yi tsaki ya ce mu ba yaren Nasara muka tambaye shi ba. Sai Baba ya juyo wajena.

"To, Malam, yau ga ranar bokonka. Me yake cewa?"

A aji na sha rubuta kalmar "definitely" a allo ina dukan tebur, amma ban taɓa zaton za a ɗora ran ɗan'uwana a kanta ba. Na ce, "Baba, ana faɗinta ne idan magana ta wuce wataƙila, ta wuce ina jin. Kamar mutum ya ce ko shakka babu. Wanda ya ji a bakin wani bai kamata ya furta ta ba, sai wanda ya gani."

"Ai maƙaryaci ma yana da baki," in ji Baffa.

Gaskiya ya faɗa, kuma ta ba ni haushi. Na dubi sojan na ce ya ba mu shaida. Ya yi dariya ya ce, "Mai cindo a hannun hagu? Wanda ko za a yanka shi ba ya cin tuwo da miyar kuka? Ai ni nake cinye masa nasa."

Ashe Inna tana laɓe a bayan zaure. Sai muka ji guɗa ta tashi! Baba ya miƙe tsaye ba sanda, ya ce babu sadaka, babu takaba. Gumbar nan yaran unguwa suka wawashe ta, ni ma na ci rabona ina dariya hawaye na zuba.

Amma fa sati ya bi sati, Yaya bai zo ba. Samarin gari suka laƙaba mini Malam Difinitili, Baffa kuwa in mun haɗu sai ya ce, "Ina kalmar taka?" Na rame sosai. Kullum ina tunanin idan ƙafar nan ta yi ajalinsa, da wane ido zan kalli matarsa?

Ranar wata kasuwar Ajingi na je sayen gyaɗa, sai wata motar Kano ta tsaya. Wani ramamme ya sauko yana dogara sanda, ya miƙa hannun hagu zai karɓi jakarsa. Na ga cindon. Na yar da keke, na yar da gyaɗa, na ruga ina ihu, "Yaya! Yaya!" Mutane suka dare, sun ɗauka taɓin hankali ne. Na rungume shi har muka kusa faɗuwa, shi kuma yana cewa, "Kai, sake ni, ƙafar ɗaya ce ta rage mai kyau!" A bayan kekena na goyo shi, kafin mu shiga Balan rabin gari na biye da mu.

Yanzu ina jin yara suna faɗin kalmar nan a kan wasan ƙwallon da ba a ma buga ba, sai in girgiza kai. Abin da na koya shi ne, da "an ce" muka kusa binne mai rai, mutum ɗaya da ya gani da idonsa ya dawo mana da shi. Tun daga ranar, da Hausa ko da Turanci, ba na cewa babu shakka sai a kan abin da zan iya kawo shaidarsa.