Ƙwayar Masarar Azariya

A garinmu ba a ɗaga hannu a wurin taro. Tun zamanin kakanni, duk magidancin da zai shiga ɗakin taro ana ba shi ƙwaya biyu a bakin ƙofa, masara ɗaya, wake ɗaya. Masara ita ce "na yarda", wake kuma "ban yarda ba". Sai a zagaya da akushi rufe da ƙyalle, kowa ya cusa hannu ya saki wadda ransa ya ba shi. Mu mata namu kallo ne daga bene.

Ba wanda ya kai maƙwabcina Azariya Pettibone alfahari da akushin nan. Baduku ne, dogo, mai taurin kai kamar me. In aka kayar da wani ya nemi a sake, Azariya ne ke fara miƙewa. "Abin da ya shiga akushi ya shiga," in ji shi. "Mai son a juya magana ya tafi wurin Sarkin Ingila."

'Ya'yansa biyu ne, Nahum da Sila. Da yaƙin ƙwatar 'yanci daga Ingila ya ɓarke, Nahum ya saɓa bindiga ya bi sojojinmu. Sila kuwa ya ce ya yi wa sarki rantsuwa, ba zai karya ba, ya bi jiragen sojojin sarki masu jajayen riguna zuwa Nova Scotia, ƙasar da ke hannun sarki. Azariya ya tsufa, ba ya iya ɗaukar bindiga, sai ya ɗaura wa shanunsa kaya ya riƙa kai wa sojojinmu hatsi cikin ƙanƙara. Ya dawo da yatsunsa goma cif, amma sanyi ya kashe su, ko basilla ta soke shi ba ya ji. Ido ma ya soma yi masa hazo. Matarsa Keziya ce ke zura masa zare a ɓoye, don duk wanda ya yi masa zancen yatsu ya ja wa kansa faɗa. Nahum bai dawo ba, zazzaɓi ya kashe shi a sansani.

Aka gama yaƙi, aka ce mun zama masu kanmu. Aka yi ta kaɗa ƙararrawa har kunne ya gaji. Ana nan sai wani matuƙin jirgi ya zo da saƙon baki daga Sila: matarsa ta rasu, tari ya kama shi, yana roƙon a bar shi ya dawo gida. Amma wanda ya bi sarki ba ya komowa sai gari ya yarda.

Ranar taron Asabar ce. Ina tsakar gidan su Azariya na ji Keziya tana lallaɓa shi.

"Maigida, in an ba ka ƙwayoyin, ka nuna wa mijin Hulda ya ware maka."

Ni ce Huldar. Azariya ya harare mu mu biyu.

"Ni za a ware wa? Tun mijinta na cikin tsumman goyo nake saka ƙwaya a akushi. Ki ji da tukunyarki."

A taron an yi ta cacar baki. Wani da ya rasa ƙafa a yaƙi ya buga sandarsa a ƙasa. "Ya ci tuwon sarki, sai ya zauna ya sha romonsa!" Wani ya ce, "Haba, jama'a, ɗan garin nan ne, tare muka yi wasan ƙasa." Daga bene na ga Azariya ya laluba aljihun 'yar cikinsa, ya daɗe yana lalube, sannan ya cusa hannu ƙarƙashin ƙyallen yana kallon gaba, kai a miƙe.

Aka zazzage akushi a kan tebur. Wake ya ɗara masara da ƙwaya ɗaya tak.

Da yamma na shiga yi musu jaje. Keziya ta sauke waken da akan dafa duk Asabar, wanda ke kan wuta tun safe, ba mai sha'awar ci. Azariya ya tuɓe 'yar cikinsa zai rataye, sai wani abu ya faɗo, ya gangara har gindin ƙafata. Na sunkuya na ɗauka. Masara ce, rawaya, sabuwa fil. Ashe wake ya saki a akushi, yana zaton masara ce.

Keziya ta karɓa, ta sa masa a tafin hannu.

"Mene ne wannan, maigida?"

Ya murza ta da matattun yatsunsa, ya kai ta dab da ido. Sai ya zauna a ƙasa, ba a kan kujera ba.

Washegari bayan sujadar Lahadi ya tari shugaban taro, hula a hannu, shi da bai taɓa cire wa kowa hula ba. Na ji tausayinsa ƙwarai. Shugaban ba mugu ba ne, ya saurare shi har ya gama.

"Baba Azariya, in na sake maka, gobe kowa zai zo da masara a aljihu. Kai ka koya mana. Abin da ya shiga akushi ya shiga."

Sila bai ga ƙarshen hunturun shekarar ba, can ya rasu. Azariya ya ƙara wasu shekaru, amma bai sake taka ɗakin taro ba, wake kuwa ko warinsa ba ya so. Keziya ba ta taɓa yi masa gori ba. Ta dai ajiye ƙwayar a bakin taga, inda rana ke haska ta, kuma bai taɓa cewa a ɗauke ba.

Ranar da aka binne shi, muna dawowa, ana ta yabon irin hidimar da ya yi wa 'yancin ƙasa. Keziya ta riƙe hannuna, ta yi ƙasa da murya.

"Hulda, ni na haifi yaron nan. Da ni aka ba ƙwayar, ko da haƙori da na gane ta."