Akwatin Hawa na Uku

A asibitin ba wanda ya damu da sunansa na yanka. Malam Anya ake ce masa, domin ko ce masa ka yi an yi ruwa jiya, sai ya karkata kai ya ce, "Anya kuwa?" alhali takalminsa na jiƙe. Shekara goma sha ɗaya yana kula da na'urorin sadarwar gidan daga wani ɗaki a ƙarƙashin matakala, mai fanka ɗaya, kujera ɗaya da kwaɗo uku a ƙofa. Ya zargi masu shara da zare masa wayoyi. Ya zargi ɓeraye da haɗa baki da masu shara. Matarsa ma, in ta ce shayin da sukari, sai ya juya cokali ya leƙa.

Abin da yake tinƙaho da shi akwatunan ajiya ne, da ya kafa ɗaya a kowane hawa. Duk wanda tsautsayi ya sa ya tambaye shi aikinsu, ya rasa hutun rana.

"Wayarka ba ruwanta da inda abu yake, sunansa kawai take kira," in ji shi. "Akwatin da ke kusa, in yana da kwafi, ya miƙo. In babu, ya tambayi na gaba, ya riƙe kwafi don mai zuwa. In ya cika, ya watsar da abin da aka daɗe ba a nema ba. Cikin tambaya goma, tara ba sa ko sauka bene."

Wata Laraba da hantsi ƙanwar matarsa, Auta, ta banko ƙofar ɗakin. Sabuwar nas ce a hawa na uku, saura wata ɗaya ta gama zaman gwaji a tabbatar mata da aiki. Kullum in ta shigo sai ta ce, "Tsohon mijina, yau wa ake tuhuma?" Ranar ba ta yi wasan ba. Takarda ta ajiye masa a kan gwiwa.

"Yaya, wai na ƙi zuwa aikin safe jiya. Wallahi jadawali yamma ya nuna min. Babbar nas ta buɗe nata a ofis, ga sunana a safe. Ta ce ga rashin zuwa ga ƙarya. Ƙarfe biyu kwamiti zai zauna a kaina."

"Anya ba barci kika yi ba?"

"Yaya!"

"To, to. Wa kika yi faɗa da ita a makon nan?"

Nan take ya jera mutum huɗu: nas ɗin da Auta ta taɓa gyara wa lissafin magani a gaban likita, akawun da ke buga jadawali, babbar nas kanta, da wani mai tura keken marasa lafiya wanda laifinsa kawai yawan murmushi. Ya buɗe jadawalin a kwamfutarsa. Safe. Ya dubi Auta ta wutsiyar ido, ya ƙara ta a jerin, ta biyar.

Duk da haka ya bi ta sama, yana haki, don ya binciki kwamfutar ɗakin nas-nas. A bakin ƙofa ya sake kiran jadawalin a wayarsa. Yamma. Ya sauka hawa na biyu: safe. Ya hau: yamma. Sau uku yana wannan zirga-zirga har wata mai jinya ta tambaye shi ko ɗakin masu ciwon kai yake nema.

A sauka ta huɗu ya tsaya cak, ya tuna. Wata uku da suka wuce ya yanke hukuncin cewa wayar da aka ja daga ƙasa zuwa hawa na uku munafuka ce, tana iya tsinkewa kowane lokaci. Sai ya umarci akwatin can ya riƙe duk abin da ya samu kwana bakwai cur, kada ya tambayi ƙasa ko an sabunta. Jadawali kuwa kowa na nemansa sau ashirin a yini, don haka bai taɓa zama abin watsarwa ba. Ran Litinin aka canja shi a ofis, aka mai da Auta safe. Akwatin ya ci gaba da raba na Larabar da ta wuce, cikin sauri da ladabi.

Ya koma ɗakinsa ya duba. Kwafin ya shiga akwatin ƙarfe ɗaya na rana, yau kwana bakwai. Saura minti arba'in ya mutu da kansa, sabo ya maye gurbinsa. Ba sai ya taɓa komai ba. Ya zauna kawai, fanka na kaɗawa, laifinsa zai share kansa, ya tafi da shaidar Auta. Ya ɗauki hoton allon, sannan ya tuna cewa shi kansa da za a kawo masa hoto, ba zai yarda ba.

Babbar nas mace ce mai jiki da ciwon gwiwa, ga lif ya lalace tun watan jiya. Ya same ta a ofishinta.

"Ranki ya daɗe, hawa na uku za mu je. Yanzu."

"Malam Anya, Auta ƙanwar matarka ce fa. Me kuka ƙulla?"

"Da ni ne ke, haka zan ce. Riƙe wayarki da hannunki, kada ki bar ni in taɓa."

Suka kama matakala, Auta na biye da su. Kowane taku biyar sai ta huta, yana duban agogo. A hawa na biyu ta zauna a benci ta ce ko gobara ake ba ta ƙara taku ɗaya sai ya faɗa mata dalili. Ya faɗa, duka, da kwana bakwan da munafukar waya, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai neman aron riga. Ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta.

Ɗaya saura minti shida suka iso. Ta kira jadawalin. Sunan Auta na zaune daram a yamma. Ta kira wata nas ta buɗe nata, haka. Ta ja kujera ta zauna, waya a hannu, har ƙarfe ɗaya ya buga, ta sake kira. Sunan ya koma safe a gaban idonta.

"Ke, yarinya, kawo takardar nan." Auta ta miƙa mata, ta yage ta biyu. Sannan ta juyo. "Kwamiti dai an riga an kira shi, ba zan sallame su hannu banza ba. Kai za ka zauna a kujerarta."

Auta ta raka shi har bakin ɗakin taron, tana gyara masa wuyan riga.

"Tsohon mijina, in sun tambaye ka wa kake zargi, me za ka ce?"

"Ki yi min shiru," ya ce. "Kuma kada yayarki ta ji."

"Ai tun kuna hawa na biyu na kira ta."