Tanderun Malam da Gurasar Turawa

Ƙarar cokali a cikin kofin shayi ce ta jawo komai. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, rana ta riga ta ɗaga, sukari ya narke tun tuni, amma maigidana yana ta juyawa, idonsa a kan bango. An yi 'yan watanni da rufe kamfanin gwamnati da yake wa aikin akawu a unguwar Ganhi. Waje kuwa Kwatano ta cika da murna. An yi babban taron ƙasa, kowa ya samu bakin magana, jaridu sun yi yawa har ba a iya sanin sunayensu, masu zemijan, wato baburan haya, suna musun siyasa a kowace kwana. Shi ma yana sayen jaridun, ya karanta, ya ninke, ya ɗora a kan na jiya.

Yunwa ba ta shigo mana ba, alhamdu lillahi. Ƙaninsa mai motocin ɗaukar kaya bai bar mu ba, ni ma ina ɗan sayar da atamfa a gida. Abin da ke ɓace mini a hankali shi ne mutumin kansa. Yana sallah, yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, sai dai kamar baƙo a gidansa. Ɗiyarmu ƙarama, wadda ta fara zuwa lakwal, wato makarantar boko, a shekarar, ta koyi tafiya da sanɗa in za ta wuce gabansa.

Na ce, "Malam, cokalin nan zai huda kofin."

Ya dube ni kamar na tashe shi daga barci. Don kar maganar ta mutu sai na tambaye shi me ya fi kewa a Ganhi. Na zaci zai ce abokan biro, wato ofishinsu. Sai ya ce, "Piza."

Ashe wata rana shugabansu ya saya musu a wurin wani ɗan Labanan. Burodi ne mai faɗi kamar faifai, in ji shi, da tumatir da cuku a kai, an gasa shi a wutar itace.

"Ba dai da naman alade ba ko?"

"Haba, Maman yara, sai da na tambaya. Mutumin ma Musulmi ne."

Ya kwatanta mini tanderun da hannuwansa biyu. Ba irin na gurasa ba ne mai baki a sama, ɗan ɗaki ne mai rufin ƙubba, da ƙofa a gefe. Rabon da in ga hannuwan nan suna motsi haka har na manta. Na ce, "To ka gina mana mana." Wallahi da wasa na faɗa. Washegari na same shi a bayan gida da rula da kaye, littafinsa na rubutu, yana auna ƙasa tsakanin rijiya da bishiyar gwanda.

Da bulon siminti ya so ya gina, tunda da shi duk Kwatano ke gini. Allah ya taimake mu katangarmu gajera ce. Maƙwabciyarmu tsohuwa ce Bakanuwa mai sayar da kayan yaji a kasuwa, muna ce mata Iya, kuma mahaifiyarta mai gurasa ce. Ta leƙo ta ga bulo biyu da ya kawo na gwaji.

"Ɗana, wannan za ka sa wa wuta? Zai fashe ya jefe ka a goshi. Karatun naku bai kai nan ba?"

Jar ƙasa ta ce a nemo, da jan bulo gasasshe. To a unguwarmu ta Zongo in ka haƙa kamu ɗaya yashi ne, in ka ƙara ɗaya ruwa ne. Sai da motar ƙaninsa ta kwaso mana ƙasar daga can gaba da Godomey. Iya ta ce a shimfiɗa gishiri da fasassun kwalabe a ƙarƙashin daɓen, su ne ke riƙe zafi. Ni aka ɗora wa neman kwalabe. Na bi gidajen unguwa da kwando, mata suna mini tsiya, wata ta ce ko man gyaɗa zan fara sayarwa, wata ta ce in dai abin ya gasu kar in manta wa ya ba ni kwalba uku.

Mutumin da ba ya leƙa ƙofar gida sai da riga mai guga, shi ne ya naɗe wando zuwa gwiwa yana taka laka. Na tsaya daga bakin madafa ina kallonsa ina ta hamdala a zuciya. Yashin nan namu da aka rena shi ma ya yi rana. An tara shi a jiƙe a kan daɓen, aka mulmula shi kamar ƙatuwar ƙwarya a kife, don a jera bulo a kansa, in gini ya kama a kwashe. Kafin a jera sai an lulluɓe yashin da takarda. Malam da kansa ya shiga ɗaki ya ɗauko tulin jaridunsa. Iya tana miƙa masa ɗaya-ɗaya tana duba hotunan.

"Wannan mai ƙaton tabarau sa shi a sama. Yau dai 'yan siyasa sun yi wa talaka aiki."

Kuskuren namu ya zo ne bayan an gama. Iya ta ce a bar shi ya sha iska, amma ba ta faɗi kwana nawa ba, ta tafi bikin suna unguwar Houéyiho ta yi zamanta. Damina ce, kuma iskar teku ba ta barin ko wanki ya bushe da wuri. Malam kuwa mutumin biro ne, ya riga ya rubuta a kayensa cewa ran Juma'a za a sa wuta, abin da aka rubuta kuma ba ya ɗaguwa. Ya kwashe yashin, ya shafa bayan ginin ya ji ya bushe. Ni ma da laifina, don tun safe na kwaɓa fulawa, na ce masa kar ta yi tsami. Da ya dawo masallaci ya cika cikin da itace irin yadda nake yi in za a dafa abincin biki.

Da farko tururi ya fara fita ta ko'ina, muka ɗauka alamar alheri ce. Sai muka ji tas. Tsaga ta tashi daga bakin ƙofar har tsakiyar ƙubbar, yatsa zai shiga. Malam ya janye itacen, ya wanke hannu, ya sauke wandonsa, ya koma ɗaki. Ƙullun da na kwaɓa na soya shi fanke, babu wanda ya yi maganarsa. Bayan la'asar na daɗe a kan tabarma. Ban taɓa roƙon Allah a kan ginin laka ba sai ranar, har na ɗan ji kunya, amma na san Ya san ba lakar nake nufi ba.

Kwana biyu bai leƙa bayan gida ba. Ran Lahadi Iya ta dawo, na ja ta tun kafin ta ajiye ƙunshinta. Ta sa yatsa a tsagar, ta fashe da dariya.

"Wa ya ce ku hura masa wutar ɗaurin aure? Ruwa ne a cikinsa, lallaɓa shi ake yi." Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji daga ɗaki. "Ina maginin? Ni bayana ba ya sunkuyawa, wannan kuma hannunta na tuwo ne. Wanda ya gina shi zai ɗinke abinsa."

Kunyar tsohuwa ce ta fito da shi. Ta sa ya dama laka da toka ruwa-ruwa, ya ɗura a tsagar har ta cika. Sai ta yanka mana doka. Kullum in na sauke girki in kwaso garwashin a kasko in kawo masa, shi ya shimfiɗa a ciki, gobe ya ƙara ɗan itace ɗaya, jibi biyu. Haka muka yi fiye da mako, ni da shi, safe da rana. Nakan miƙa masa kaskon in ce, "Ga abincin jaririnka." Rana ta uku ya amsa, ya ce in rage masa yaji.

Ranar da aka sa babbar wuta, cikin ƙubbar ya yi baƙi da hayaƙi, can sai baƙin ya fara gushewa, bulon ya yi fari. Iya ta ce yanzu ne. Tsagar tana nan kamar zare, ba ta ƙaru ba. Na murza ƙullu, na shafa tumatir da na soya da albasa, na yanka wagashi, cukun Fulani da muke sawa a miya, na jera a kai. Ta farko kafin in juya in ɗauko faranti ta zama gawayi. Ta biyu ta fito da kyau, gefenta ya kumbura, amma Malam ya tsaya yana dubanta.

"Cukun bai narke ba. Nasu yana jawuwa kamar ƙaro."

"Wagashi da ke kwana a tafasasshiyar miya bai narke ba, a nan zai narke?" in ji Iya. Ta gutsura, ta tauna da gefen da take da haƙora. "Wannan ce aka kai mota Godomey saboda ita? Ai gurasa ce aka zuba wa miya. Ƙaro mini."

Dariyar da Malam ya yi sai da ya dafa bishiyar gwanda. Ƙamshi ya tsallaka katanga, masu kwalabe suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce wucewa take yi. Shi ke sawa, shi ke cirewa, yana faɗa musu minti nawa ake ba kowace, yana gardama da wata a kan ko tanderun zai gasa kaza. Ya goge gumi da bayan hannu har fuskarsa ta zama zane-zanen gawayi bai sani ba. Na ga mata suna gintse dariya, sai na ɗebo ruwa a buta da sabulu na nufe shi. Ɗiyarmu ta riƙo gefen zanena, bakinta duk tumatir.

"Mama, bar shi tukuna. Ni dai na fi son Baba da baƙin hanci."