Shantun Gora a Wangsa Maju

A gidan da na tashi, da la'asar ta yi maza sun fita, mata kan baje a tsakar gida su ɗauko shantu. Mahaifiyata tana da wani kiɗa nata, mai tafiya a hankali, da ta koya wurin tata uwar. A gidan 'yata da ke unguwar Wangsa Maju a Kuala Lumpur kuwa, hawa na sama can, la'asar ba ta da sauti sai na ruwan sama da na jirgin ƙasa. 'Yata tana can tana fama da digirinta na uku, ni na zo riƙe mata jikata. Ni kaɗai na rage da kiɗan nan a ka, kuma ga tsufa ya fara kama ni.

Wata rana na sayo hoto a shagon tsofaffin kaya. Na Japan ne, irin wanda ake sassaƙa katako, a shafa launi, a ɗora takarda a murza. Na taɓa ganin ana yin sa a can: kowane launi da katakonsa, takardar tana komawa tana dawowa har fuska ta fito. A cikin hoton mace ce zaune a tabarma, riƙe da abin kiɗa mai tsirkiya uku kamar molo. Wata tana bayanta tana taje gashi. Ba mai kallonsu. Na zauna a Alƙahira, na zauna a Dakar, ko'ina na ga mata suna wannan zaman idan gida ya zama nasu.

Jikata ta daɗe tana kallonsa. Hausarta guntu-guntu ce, tana ƙarasa magana da "lah" irin na mutanen garin.

"Kaka, me take kaɗawa?"

"Ba a ji, ƙawata. Takarda ce."

"Ke ki ji mana lah. Kunnenki ai manya ne."

"Ja'ira, kunnen ubanki ne manya."

Na rufe ido. Ruwa yana zuba a kan bishiyoyi, sai na ga matar hoton ta ajiye molonta ta gyara zama irin na mahaifiyata, ƙafa a miƙe, awarwaro yana sauka zuwa gwiwar hannu. Abin da na ji kiɗanmu ne.

Shantu ba ya tsiro a Kuala Lumpur. Amma a bakin titi akwai mai dafa shinkafa a cikin gaɓar icen gora, lemang suke ce mata. Na roƙe shi gora ɗaya da bai sa a wuta ba. Ya yi ta tambaya ko ban san babu shinkafa a ciki ba.

A gida na buga ta a cinya, ta ce tif, kamar an jefa dutse a laka. Na manta shantu baki biyu gare shi, ita kuwa gindinta a toshe yake don riƙe shinkafa. 'Yata ta dawo ta same mu a ƙasa da muciya muna huda gora.

"Umma, muciyata ce fa guda ɗaya a ƙasar nan."

Da ta huje, sai murya ta fito, ƙasa-ƙasa, mai ɗan laima. Na kaɗa, na ɗora hannun yarinyar a kan nawa. Ta kama cikin 'yan kwanaki. Sai dai kullum takan ƙara wani ɗan bugu a ƙarshe, irin na gangar da suke kaɗawa a makarantarsu. Na gyara mata, ta koma. Na sake gyarawa, ta ce haka ya fi daɗi. Na duba matar hoton, kanta a sunkuye, ba ruwanta da gardamarmu. Na bar yarinyar.

Na bar mata hoton da gorar na dawo gida. Kiɗan mahaifiyata ba zai mutu da ni ba, amma ya ƙaru da bugu ɗaya, kuma ko a raina na kaɗa shi yanzu, da bugun nan yake zuwa.