Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Ɗiyata ta fari ta bar mini littafin ne a cikin faifai, kwana goma kafin ta tafi Zariya karatu. Ba ta miƙa mini hannu da hannu ba. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta ko dubansa sosai a gaban mutane. Haka na tashi na tarar, haka na yi. Da aka yaye ta aka kai ta Tsafe wurin Inna, mahaifiyata, can ta girma, sai da ta yi wayo sosai ta dawo wurinmu Karakkai. Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ni kuwa in ina son ta, sai in dubi bango in ce, "A ce wa waccan ta ɗauko tsintsiya," ko da mu biyu ne kawai a tsakar gida.

Karatu da girmana na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci na Bungudu, ina goyon na huɗu. Malamarmu ta ce mu riƙa ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma muna furtawa, kuma har yau haka nake yi. Don haka kullum bayan azahar nakan ɗauki littafin in zauna gindin ɗorawar bayan gida, inda ba mai jin bakina sai awaki.

Labarin wata yarinya ne, sa'ar ɗiyata, ta shiga jirgin ƙasa za ta wurin gwaggonta a wani gari na bakin teku. Ban taɓa ganin teku ba. Jirgin ƙasa ma layinsa kaɗai na sani, wanda ciyawa ta cinye a Gusau. Amma lokacin ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsayi, in iska ta taso sai gonar duka ta kwanta ta tashi, ta kwanta ta tashi. Nakan ɗaga kai daga takarda in ga kamar ruwan nan ne ya iso har bayan gidanmu, kore shar, jirgi yana tafiya a kansa a hankali ba ƙara, yarinyar tana leƙe ta taga da fuskar ɗiyata.

A rana ta uku yatsana ya hau kan wani layi da aka ja da biro shuɗi. An danna biron sosai, har shatinsa ya fito a shafin baya. Wurin da uwar yarinyar ta raka ta tasha ne, ta riƙe fuskarta da hannu biyu, ta kira sunanta sau uku, yarinyar tana amsawa. A duk littafin nan ne kaɗai aka ja layi.

Na rufe shi na daɗe ina kallon awaki. Shekara goma sha takwas ban taɓa kiran ta ba, ga shi saura mako guda. Na gwada a gona, ni kaɗai a cikin gero. Sunan yakan taso har maƙogwaro, sai ya tsaya, bakina ya bushe kamar na ci ɗanyar goruba.

Ranar tafiya Malam, maigidana, ya ce in raka ta Tsafe ta yi sallama da kakarta, daga can ta hau motar Zariya. Muka fita da hantsi, don yanzu ba mai bin hanya in rana ta karkata. Daga Bungudu zuwa Gusau jakarta na tsakaninmu. A Gusau da muka canza mota aka ɗaure jakar a baya, aka matse mu kafaɗa da kafaɗa. Kafin Kwatarkwashi kanta ya sauka a kan kafaɗata. Na san ba barci take yi ba, gashin idonta yana motsi. Ban gyara zama ba. Dutsen garin ya taso gabanmu, gajimare ya zauna masa a ka, muka daɗe muna tafiya yana biye da mu kamar ba mu gusa ba. Na so a ce hanyar ta ƙi ƙarewa.

Inna na ganinmu ta kama haɓa. "Wagga mai wuyan zalɓe ce za ta Zariya? Wa zai ba ki tuwo can, ke da ba ki iya tuƙa shi ba?"

"Tsohuwa, ai ke kika koya mini," in ji ɗiyata. "In ya yi gudaji laifin malama ne."

"Ji ta. Tafi ki gaida maƙwabta, kar su ce na yi rainon marar kunya."

Da ta fita, Inna ta dube ni ina ta juya littafin a cinya. Na karanta mata wurin layin, yatsana a kai. Ta murza carbinta.

"Yayanki, na farina, har ya koma ga Allah ban kira shi ba," ta ce. "Ba a yi a zamaninmu. Wani lokaci in ina surfe nakan ji taɓarya tana faɗa mini shi."

"To Inna, mi zan yi? Bakin ya ƙi."

"Ni baki kaɗai gare ni," ta ce, ta tashi ta shiga ɗaki ɗauko guzurin da ta haɗa.

Fensirina na aji yana ɗaure a bakin zanena. Na buɗe shafin farko, inda ba rubutu. A aji mun rubuta sunayen 'ya'yanmu a kan allo, ni na fara daga na biyu, malama ba ta tambaye ni dalili ba. Yanzu na sa fensir. Baƙaƙen suka fito manya, sun karkace kamar shingen kara bayan ruwan sama. Na rubuta sunanta sau ɗaya. Na sake a ƙasansa, na sake. Sa'an nan na tura littafin cikin ledar guzuri, tsakanin dakuwa da ƙuli-ƙuli.

A bakin titi motar Zariya saura mutum biyu ta cika. Ɗiyata ta samu wurin taga, Inna tana ta ja mata kunne kan salla da kan samarin birni. Ni ina gefe, ina kallon tayar mota. Na ji ƙarar leda. Na ji an buɗe takarda.

Direba ya tayar da mota. Ta cikin ƙarar injin na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda aka tayar daga barci.

"Na'am."

Na ɗaga kai na dube ta, a gaban mutane. Ta sake cewa na'am. Na ukun ban ji shi ba, motar ta riga ta ja, leɓenta kawai na gani ta gilashi.

Muka tsaya ni da Inna har motar ta shige cikin gonaki, geron yana kwanciya yana tashi a gefe da gefe.